Tafin Hannun da ke Gilashin Baya

Rifkatu, dominki na zauna rubuta wannan babin, ko da yake na san yayyenki ma za su karanta. Ana jajibirin aurenki, ina bayan labule ina ɗaura zani, na ji kina faɗa wa ƙawayenki cewa ke ba a hannun uwarki kika tashi ba, an kai ki ƙauye ne don a samu abin biya wa 'ya'ya maza makaranta. Da dariya kika faɗa, su ma suka yi dariya. Ban fito ba sai da na ji kun koma hirar ɗinki. Tun daga ranar nake neman bakin da zan yi miki bayani, na rasa, domin duk lokacin da na ɗauko maganar sai harshena ya yi nauyi. To ga shi a rubuce. Ki karanta da rana, ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke mini hukuncin da kika ga dama.

Abin ya faro ne a shekarar da babanku ya faɗi. Kun san direba ne a tashar Utako, yana jigila tsakanin Abuja da Jos. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, sai muka ji faɗuwarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta koma kamar ta mai tauna zare. A lokacin muna haya a Kurudu, sa'ad da bayan gidanmu duk gonakin doya ne da masara, ba waɗannan gidajen da suka cika wurin yanzu ba. Ni kuwa kunun zaƙi nake sayarwa a bakin hanya, wanda ko kuɗin maganinsa ba ya fitarwa. Mai gidanmu, wani dattijon Gbagyi mai kirki, yana da ɗan fili a gefen titi, da bishiyar mangwaro da rijiyar da ba ta ƙafewa. Shi ya ce mini tunda motoci sun fara yawa a unguwar, in gwada wankin mota a wurin, ba sai na ba shi komai ba tukuna. Mata ba sa wannan aikin a lokacin. An yi ta kallona, an yi ta magana. Ni dai na ɗauki bokitin gida da garin sabulun wanki da soson buhu na fita, a ganina wadda ta iya wanke tukunyar tuwo ba mota ce za ta gagare ta ba.

Motar farko ta wani abokin aikin babanku ce, baƙa, sabon fenti, ya kawo don ya taimake mu. Na zuba mata sabulu da tsakar rana, na dirje ta da ƙarfina duka. Kafin in zagayo ɗaya gefen kumfar ta bushe ta yi fari fat. Da na ɗauraye, rana ta haska, sai ga fentin duk zane-zane, kamar kaji sun yi tono a kai. Mutumin ya zagaya motar, ya sake zagayawa, ya ce in gaida maigida, ya tafi. Bai sake dawowa ba. Da na faɗa wa babanku, yana kwance a tabarma, ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin kalmomin su fito.

"Inuwa," ya ce. "Daga sama. Ki je Utako. Emeka."

Emeka mai shagon kayan gyaran mota ne a kasuwar Utako, babanku ya daɗe yana sayayya a wurinsa. Na shiga shagon na tsaya kamar baƙauya. Kwalabe ne tun daga ƙasa har rufi, ja da kore da ruwan zinariya, kowace da hoton mota tana ƙyalli. Na fara miƙa hannu ga waɗanda suka fi kyau, da turarukan rataya, da wani man da aka ce yana sa taya sheƙi. Emeka ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya ya mayar kan kanta. Hausarsa irin ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinsa.

"Madam, kai sabo ne. Sabo ba ya sayen kwalliya. Sabulun kaya yana cinye fenti, ka bar shi a gida. Wannan shamfu na mota, murfi ɗaya ya isa bokiti. Soson buhu kuma, ka jefar."

Ya ba ni tawul masu laushi, ya ce wanda ya taɓa taya kada ya sake taɓa jiki, wanda ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki sai an wanke shi. Ya ce in riƙa ajiye bokiti biyu, na kumfa da na ɗauraye tawul, domin yashin da na kwaso daga jikin motar shi ne ya zane fentin, ba ƙarfina ba. Ya ba ni burushin taya, da ruwan goge gilashi marar kauri wanda ba ya ɓata baƙar ledar da ake mannawa a tagogi. Kakin gogewa kuwa ya hana ni, ya ce in dawo in hannuna ya faɗa. Na fito da 'yar leda guda, ina jin kamar an rage mini daraja. Amma da waɗannan 'yan kayan na koyi aikin. Kafin damina ta kama, masu tasi da ma'aikatan da ke kwana a Kurudu suna aiki a cikin gari sun san ƙarƙashin mangwaron nan.

A farkon daminar ne motar ta zo. Babba ce, ruwan toka, tagoginta na baya masu duhu. Ranar Asabar ce da hantsi. Mai ita dogon mutum ne da furfura kaɗan, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin manyan da ba sa bukatar ɗaga murya. Oga nake ce masa har muka rabu, don haka a nan ma Oga zan ce. Abin da na fara lura da shi shi ne motar ba ta da datti. Ko ƙurar hanya da kyar ta taɓa ta. Ya tsaya ya dubi bishiyar, ya dubi rijiyar, ya daɗe, sannan ya juyo.

"Ki wanke ta duka. Amma gilashin baya na hagu, daga ciki, shi nake so ki kula da shi."

Na buɗe ƙofar na duba, ban ga komai ba. Sai wani wari da ya buge ni, ba mai ƙarfi ba, irin na bakin rafi bayan ruwa ya janye, laka da ruɓaɓɓen ganye. Na taɓa kafet, a bushe. Na rufe na fara wankin waje. Da ruwan rijiyar mai sanyi ya sauka a kan gilashin da ya sha rana, cikinsa ya yi raɓa, a cikin raɓar nan kuwa sai ga tafin hannu ya fito sarai. Na yaro ne, yatsu a buɗe, can ƙasa kusa da inda gilashi ke shiga ƙofa. Na yi murmushi. Na fesa ruwan goge gilashin, na goge, na hura numfashi a wurin, babu komai.

"Oga, an gama. Yara ai sai haƙuri, ko'ina sai sun dafa."

Ya shiga ya tayar da mota, sai da ya sa giya ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ba mu da yaro a gida."

Asabar ta zagayo ya dawo, hannun ma ya dawo. Haka ta gaba. Na ɗauka laifin aikina ne, na ce maiƙo ne ya kama ledar. Na koma wurin Emeka ya ba ni wani ruwan mai ƙarfi. Ya dawo. Ya ba ni sifirit, ya ce in goge da sabon tawul in jefar da tawul ɗin. Ya dawo. Na gwada ruwan kal da maƙwabciyata ta ce da shi take goge madubi. Emeka ya ce to lallai a ƙarƙashin ledar yake, wanda ya manna ta ne ya dafa da hannu mai mai, a ɓare ta a sa sabuwa. Na faɗa wa Oga. Bai tsaya kan leda ba, gilashin gaba ɗaya ya sa aka cire aka sa sabo, ya zo mini da shi har da takardar kamfani manne a kusurwa. Na watsa ruwa ina kallo. Raɓa ta taru, hannun ya fito a inda ya saba, yatsu a buɗe. Da na kai wa Emeka wannan labarin, yana cikin ƙirga kwalaye, sai ya ajiye, ya yi alamar gicciye.

"Madam, duk abin da yake shago na, na datti ne. Wannan ba datti ba ne. Kar ka sake kawo mini maganar."

Za ku ce me ya sa ban sallami motar tun lokacin ba. Oga babba ne a wani kamfani da ke da motocin ɗaukar ma'aikata, kuma a cikin watannin nan ya sa aka riƙa kawo mini su. Na ɗauki magidanta biyu daga cocinmu suna taya ni. Na sayi injin feshin ruwa da ƙaramin janareta. Aka fara kai babanku gashin ƙashi a asibiti, har ya soma takawa da sanda daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Yayanki Ishaya ya shiga makarantar kwana da yake ta mafarki. Muka koma cin nama ranar Lahadi. Mutum in yana cikin irin wannan sauƙin bayan wuya, yakan koyi kawar da ido. Motar ruwan tokar ni kaɗai nake wanke ta, ina addu'a a zuci, in goge gilashin da sauri, in ce wa kaina ai hannu ne kawai, bai taɓa kowa ba.

Ke kuwa a lokacin ba ki daɗe da shiga firamare ba. Ranar Asabar babu makaranta, a wurina kike yini, kina girkin ƙasa a gindin mangwaro. Oga yakan kawo miki biskit. Yakan tsaya yana kallonki har sai na ji ba daɗi, amma ba kallon mugunta ba ne, kallon mai jin yunwa ne da ya san abincin ba nasa ba. Wata Asabar na zagayo da bokiti na tarar da ke a kujerar baya, kin durƙusa, kin ɗora tafinki a kan wancan. Daidai wa daida, ko yatsa bai fita ba. Na daka miki tsawa na fito da ke. Da damina ta ja baya na sake kama ki a haka. A tsakanin nan kin yi tsawo, takalmanki na makaranta sun matse ki na ba da su, awarwaron hannunki sai da aka yanke shi. Amma tafinki da wancan, daidai wa daida. Na tsaya da bokiti a hannu ina kallon gilashin, sai a lokacin na ga abin da idona ya daɗe yana gani zuciyata tana ƙi. Hannun ba a ƙasa yake ba kamar ranar farko. Ya hauro kusan tsakiyar tagar.

Kika juyo kika dube ni, fuskarki a sake.

"Mama, Nana ta ce ruwan nan da kike fesawa yana shiga mata ido."

"Wace ce Nana?"

"Ƙawata. Ta cikin mota."

Na aike ki gida. Oga yana zaune a kan benci yana duba waya. Na je na tsaya a gabansa, na ce, "Oga, ranka ya daɗe, wace ce Nana?" Wayar ta zame daga hannunsa ta faɗi a cikin laka, bai ko sunkuya ba. Da ya fara magana, rijiyar yake kallo, ba ni ba. Ya ce shekarun baya, da damina, suna dawowa daga garin su matarsa, suka iso wata ƙaramar gada da ruwa ya hau. Ya ga wata mota ta wuce, ya bi. A tsakiya injin ya mutu, ruwa ya ja su gefe. Ya fita ta tagarsa, ya jawo matarsa. 'Yarsu tana baya, ɗaure a kujerarta, ƙofofin baya kuma ya kulle su da makullin da ake sa wa yara don kada su buɗe. Kafin mutanen ƙauyen da ke kusa su fasa gilashin ɗaya gefen, an makara. Lokacin ba ta daɗe da fara magana ba. Ita kaɗai Allah ya ba su. Ya ce an gyara motar, ya so ya sayar, matarsa ta ce in ya sayar ita ma ya neme ta ya rasa. Kullum da yamma takan shiga baya ta zauna tana hira.

"Shekararta nawa da tana nan?" na tambaya.

Ya dubi hanyar da kika bi. "Sa'ar taki ce."

Na ce to me ya kawo shi Kurudu, ya baro wuraren wanki na zamani a cikin gari? Ya ce duk ya zaga su. Sannan ya rage murya har sai da na matso.

"Ba ni na zaɓi nan ba. Matata ce ta kwatanta mini. Ta ce akwai mangwaro, akwai rijiya, mace ce ke wankin, kuma akwai yarinya. Ba ta taɓa taka Kurudu ba a rayuwarta."

Ban faɗa wa kowa ba a ranar. Na hana ki zuwa wurin wanki ranar Asabar, na ce wa raina shi ke nan. Amma kin riga kin canza. Kin daina cin abinci sai an matsa miki. Kina zama a ƙofar ɗaki kina magana ƙasa-ƙasa, ki yi shiru kamar mai saurare, ki yi dariya. Na kai ki wurin fasto ya yi miki addu'a, kika ce amin da kowa, muka dawo gida kika ci gaba. Sai wata Laraba da la'asar, rana tana nan sarai, na dawo gida ɗaukar tawul. Babanku yana barci. Na zagaya bayan ɗaki, na tarar da ke durƙushe a gaban babban bahon da muke tara ruwa, kanki a ciki har wuya, hannuwanki a saki a gefe. Ban san lokacin da na fizgo ki ba. Kika yi tari, ruwa na fita ta hancinki, leɓunanki sun canza launi. Ko kuka ba ki yi ba. Haushi ma kika ji.

"Mama, kin ɓata mana. Tana koya mini ne. Ta ce in na daɗe kaɗan zai daina zafi."

A yammacin nan na zauna a gaban babanku na zayyana masa komai. Na ce ranar Asabar zan sallami Oga. Ya saurare ni har ƙarshe, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Maman Ishaya. Mota ce. Ƙarfe. Yara suna wasa da ruwa."

"Baban Ishaya, da idona na gani."

"Motocin kamfani fa? Makarantar yaro? Ƙafata?"

Kada ku ga laifinsa. Mutum ne da ya fara jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa bayan ya fid da rai, ni kuma na zo ina ce masa zan janye ta saboda raɓa a jikin gilashi. Ƙanensa da ya zo washegari ya ce aikin maza ne ya taɓa mini kai. Matan coci suka rabu biyu, wasu suka ce in yi azumi in ci gaba da wanki, wasu suka ce tun farko ma bai kamata in taɓa motar ba. Na ji kowa. Ranar Asabar motar na tsayawa na tare ta tun kafin ya kashe inji. Na durƙusa a gefen tagarsa na ce ya yi mini rai, ya yafe mini, kada ya sake kawo ta. Na faɗa masa abin da ya faru a baho. Ya kifa kansa a kan sitiyari. Da ya ɗago idonsa jawur.

"Tun da na fara zuwa nan matata take barci," ya ce. "Amma kin yi daidai. Da ni ne ke, haka zan yi."

Motocin kamfanin ba su sake zuwa ba. Ban taɓa ɗauka mugunta ya yi mini ba, ina jin dai ya so ya yanke duk wata igiya da ke tsakaninsa da wurin. Na sallami masu taya ni. Na sayar da injin feshi da janareta, na koma guga da bokiti. Ishaya ya dawo gida da akwatinsa ya zauna shekara guda, kuma har yau in ana hirar makaranta yakan tashi ya fita. Gashin ƙashin da ake yi wa babanku ya tsaya, ƙafar da ta fara motsi ta koma yadda take, bai ƙara taka ƙofar gida da kansa ba har Allah ya ɗauke shi. Ya yi watanni ba ya kiran sunana, in yana son ruwa sai ya buga sanda. Kin ga ashe ba don makarantar maza aka kai ki ƙauye ba. Makarantar maza ce aka bayar dominki.

Na ɗauka an gama. Kin fara ɗan cin abinci. Sai wata rana da azahar, ina zaune a ƙofar gida ina tsince shinkafa, ɗan acaɓa ya sauke wata mata a gabana. Fara ce, siririya, cikin leshi mai tsada da ya yi mata yawa, riƙe da leda. Gidanmu yana can cikin lungu, nesa da wurin wanki, baƙo ba ya gane shi sai da ɗan rakiya. Ta gaishe ni da ladabi kamar mun saba, ta tambayi jikin maigida.

"'Yar'uwa, ina yarinyar? Nana ta ce ƙawarta ta daina zuwa. Ba ta ci, ba ta wasa, sai kuka."

Na ce, "Madam, ta tafi ƙauye wurin dangi."

Kina cikin ɗaki kina barci a lokacin, ƙofa a rufe, labule a sake. Matar ta juya kanta ta dubi ƙofar ɗakin da kike, ba ta babanku ba, ta ɗan karkata kai kamar ana raɗa mata magana. Ta yi murmushi.

"Barci take yi. A bar ta ta huta. Zan dawo."

Ta ajiye ledar a gefen tiren shinkafa ta tafi a ƙafa. Da na buɗe, riga ce 'yar kanti da takalma, iri biyu-biyu, komai da abokinsa, duk daidai jikinki. Suna ɗauke da warin nan na bakin rafi. Na kai su bayan gida na zuba kananzir na cinna musu wuta, na tsaya har suka zama toka.

Washegari da sassafe na ɗaure kayanki a ɗankwali. Babanku yana kallona daga tabarma. Ranar da matar ta zo ya gan ta ta tagar ɗakinsa, ya ji abin da ta ce. Bai hana ni ba. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa kanki, ya juya fuska bango. Muka shiga mota zuwa Gwagwalada, daga nan muka sake wata zuwa Yangoji, wurin goggonki Talatu, yayar babanku, wadda ke aure a can cikin manoma. Na zaɓe ta ne don gidanta yana kan tudu, rijiyarsu da murfin ƙarfe, kuma mace ce da ba ta yawan tambaya. Na ja ta bayan rumbu na faɗa mata. Ta saurara tana ɓare gyaɗa.

"Saratu, ban ce na gane ba," ta ce. "Amma rafi ba za ta je ba, wanka ni zan yi mata. Ki tafi kada ki waiwaya, in kin waiwaya ba za ki iya ba."

Kika rako ni har bakin shingen gidan. Na yi zaton za ki yi kuka ki riƙe zanina, na ma shirya abin da zan ce. Ba ki yi ba. Kika tsaya kina kallon hanyar da muka biyo, kika ce:

"Mama, wa zai faɗa mata inda nake?"

Na durƙusa na riƙe kafaɗunki. "Babu wanda zai faɗa mata. Ke ma kada ki faɗa."

Na tafi ban waiwaya ba. Kukan da ba ki yi ba ni na yi shi, tun daga Yangoji har Kurudu, har wata mata a motar ta tambaye ni wa ya rasu.

Kafin kaka ta wuce Talatu ta aiko cewa kin yi ƙiba, kina bin 'ya'yanta gona, ba ki ƙara ambaton kowa ba. Na so in ɗauko ki a Kirsimeti. Amma ranar Asabar ta farko bayan tafiyarki, ina wanke wata tasi, na ɗaga kai na ga motar ruwan toka a tsallaken titi. Matar Oga ce a gaba, wadda ta zo gidanmu. Ba ta fito ba, ba ta sauke gilashi ba. Ta tsaya har rana ta take, ta tafi. Haka ta riƙa yi, wani lokaci a jere, wani lokaci sai ta ɗauke ƙafa har in fara haɗa miki kayan dawowa, sai in sake ganinta. Shi ya sa nake zuwa ganinki jefi-jefi, ranar aiki, ina canza mota a hanya kamar ɓarauniya. Shi ya sa ban taɓa kwana ba. Sai da kika gama firamare, aka shekara ban ga motar ba, na kuma ji daga wani direban kamfanin cewa Oga ya yi ritaya sun bar Abuja, sannan na je na ɗauko ki. Kika dawo kina kiran Talatu Mama, ni kuma kina gaishe ni kamar malamar makaranta. Na karɓa a haka, domin da ƙafafunki kika shigo.

Na taɓa gwada ki, bayan kin girma, na ce ko kina tuna wurin wankin mota na Kurudu. Kika ce kina tuna mangwaro da wani mutum mai biskit, shi ke nan. Na gode wa Allah, na bar maganar. Yanzu ga 'yarki ta isa shiga makaranta, ni kuma likita ya faɗa mini abin da ya faɗa, ba zan so in tafi kina ɗauke da wancan zaton ba. Abu ɗaya nake roƙonki. In kin karanta wannan wani abu ya dawo miki, murya ko fuska, ki zo ki faɗa mini ni kaɗai, ko ki faɗa wa fasto. Sunan 'yar Oga kuwa, na rubuta shi ne don dole. Kada ki karanta shi da ƙarfi, kuma kada ki kira shi a inda 'yarki take.